Tsakanin Ƙara da Kiɗa: Nazari a Kan Haɗin Jaz da Hawus a Ayyukan Matthew Herbert

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta ƙara da kiɗa. Ƙara ita ce abin da ke faɗa wa kunne ba tare da tsari ba, kamar ta faɗuwar kwano ko ta injin niƙa. Kiɗa kuwa sauti ne da aka tsara domin a saurara ko a taka. Manufar wannan maƙala ita ce a duba wani reshe na kiɗan rawa da ake haɗawa da na'urorin lantarki, wanda ya gauraya jaz da hawus da ƙarar abubuwan yau da kullum. Za a ɗauki ayyukan wani makaɗi ɗan ƙasar Ingila, Matthew Herbert, a matsayin misali, don a ga yadda ƙara take zama kiɗa, da kuma abin da take rasawa a hanya.

2.0 Tushen Wannan Kiɗa

Wannan kiɗa saiwa uku gare shi. Ta farko ita ce jaz, wanda baƙaƙen Amurka suka samar a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. An san shi da ƙirƙira nan take, wato makaɗi ya riƙa sarrafa karin waƙa yadda ya zo masa a lokacin da yake kaɗawa, da kuma ɗan jinkirta bugu ko gaggauta shi don kiɗa ya sami rangaji.

Ta biyu ita ce hawus, wanda ya tsiro a gidajen rawa na birnin Shikago. Galibin masu bin tarihinsa sun tafi a kan cewa ya samo sunansa daga wani gidan rawa mai suna Warehouse, inda Frankie Knuckles ya fara sa wa jama'a fayafayai a shekarar 1977. Alamarsa ita ce bugu huɗu daidai wa daida da ake ta maimaitawa, kimanin bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Na'urorin ganga irin su TR-909, wadda kamfanin Roland ya fitar a 1983, su ne suka riƙe wannan aiki.

Ta uku ta girmi hawus nesa ba kusa ba. A shekarar 1948 Pierre Schaeffer, wani injiniya a gidan rediyon Faransa, ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa, ya yanka, ya jera, ya gabatar da ita a matsayin kiɗa. Daga nan ne ra'ayin ya kafu cewa duk abin da makirufo ya iya ɗauka ana iya yin kiɗa da shi.

3.0 Yadda Ake Haɗawa

Kayan aikin makaɗin shi ne na'urar gutsurar sauti. Alal misali, sai ya ɗauki ƙarar rufe ƙofa, na'ura ta mai da ita lambobi ta adana. Daga nan sai ya yanke inda yake so, wanda sau da yawa bai kai daƙiƙa ɗaya ba. In ya rage masa gudu sai ya yi kauri kamar ganga, in ya ƙara sai ya yi zaƙi kamar kuge. Sa'an nan ya jera gutsattsarin bisa awon hawus, ya gayyato masu piyano da masu busa da mawaƙa su ɗora jaz a kai. Ke nan hawus shi ne ginshiƙi, ƙarar ita ce tubali, jaz kuma shi ke hana ginin ya yi tauri irin na inji.

4.0 Ayyukan Herbert

An haifi Herbert a shekarar 1972. A 1998 ya fitar da faifan Around the House, sunan da ke da harshen damo, domin kalmar hawus a Turanci gida take nufi. Da ƙarar kayan gida ya gina shi, kamar injin wanki da burushin goge baki, mawaƙiya Dani Siciliano ta rera a kai. A 2001 ya fitar da Bodily Functions, inda ya koma ga jikin ɗan Adam, ya ɗauki motsin jini da ƙarar haƙora da ƙasusuwa, ya lulluɓe su da piyano da muryar jaz mai sanyi. A 2005 kuma ya fitar da Plat du Jour a kan abinci da yadda masana'antu ke samar da shi, a ciki har da kukan kajin gona da sautin mutane sama da 3,000 suna gatsar tuffa. Faifan One Pig na 2011 ya bi rayuwar alade ɗaya daga haihuwa har zuwa kan akushi, abin da ya jawo masa suka daga masu kare haƙƙin dabbobi.

Tun a shekarar 2000 ya rubuta wa kansa wasu ƙa'idoji. Daga cikinsu ya haramta wa kansa amfani da na'urar ganga, da sautukan da kamfani ya riga ya zuba a cikin na'ura, da gutsurar kiɗan wani. Ya kuma yarda kuskure ya zauna a cikin aiki in ya dace. Dalilin wannan a fili yake: idan dubban makaɗa suna ɗiba daga rumbu ɗaya, to kiɗansu zai zama kala ɗaya, kuma ba shi da labarin da zai bayar game da wurin da aka yi shi.

5.0 Matsalar Asalin Sauti

A nan ne gizo ke saƙa. Mai karatu ya san lugude, inda mata ke mai da ƙarar taɓarya da turmi kiɗa a wurin daka. To amma mai sauraren lugude yana ganin turmin, ya san aiki ake yi. Mai sauraren faifan Herbert kuwa ba ya ganin komai. Da zarar an yanka ƙara an sauya mata kauri, kunne ba ya iya gane ko ta kaza ce ko ta ƙofa, sai an karanta bayanin da ke tare da faifan. Saboda haka saƙon da makaɗin yake son isarwa game da abinci ko jiki ya dogara ne a kan kalma. Wanda ya taka rawa bai karanta ba, daɗin bugu kawai ya samu.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa tsari da maimaitawa su ke mai da ƙara kiɗa, jaz kuma ya ba ta rai. An kuma ga cewa gwargwadon yadda ƙara ta shiga tsari, gwargwadon yadda take ɓatar da asalinta. Wannan ya sa kiɗan da ake zaton ba ruwansa da harshe ya koma neman taimakon harshe kafin a fahimce shi, kuma fage ne da ya kamata masu nazarin harshe da al'ada su sa wa ido.