Haƙƙin Makarantar Firamare a Kan Mutanen Gari

Tun fil azal Bahaushe bai taɓa jiran hukuma ta riƙe masa makarantar allo ba. Iyaye ne ke ba da kuɗin Laraba, maƙwabta su ciyar da almajirai, idan damina ta faɗi a taimaki malam da noman gonarsa. Makarantar boko kuwa, tun daga wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, hukuma ce ta kawo ta, ita ta gina, ita ke biyan malamai. Saboda haka jama'a suka ɗauke ta kayan gwamnati, wato abin da ba na kowa ba. Wannan zato shi ne babban ciwon makarantunmu na firamare.

Tarihi kuwa ya nuna hukuma ita kaɗai ba ta iya ɗaukar nauyin nan. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a watan Satumba na 1976, an yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Azuzuwa suka kasa, ƙwararrun malamai suka yi ƙaranci. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, amma doka ba ta toshe rufin da ke yoyo.

To, mene ne ya rataya a wuyanmu? Abu na farko shi ne zuwan yaro makaranta kullum, kuma a kan lokaci. Ranar kasuwa, da lokacin girbi, da tallan 'yan mata su ne suka fi cinye kwanakin karatu. Uban da bai yi boko ba yana iya cewa ɗansa ya buɗe littafi ya karanta masa abin da aka koya yau. Wannan kaɗai ya isa yaro ya gane ana lura da shi.

Na biyu, aikin gayya. Kafin saukar damina, magina da kafintocin gari suna iya gyara bango da kujeru, a haƙa masai, a dasa dogon yaro don inuwa. Ruwan sha da masai ba ƙaramin abu ba ne, domin rashinsu yakan kori yara mata daga makaranta.

Na uku, mutunta malami. Wanda aka turo daga nesa, idan mai unguwa ya sama masa masauki, aka riƙe shi riƙon ɗan gari, da wuya ya nemi canji. Haka kuma ya kamata iyaye, har da mata, su riƙa halartar taron iyaye da malamai, su tambayi hedimasta yadda aka kashe kowane kwabo, su kuma kai kuka ga ƙaramar hukuma idan malami ba ya zuwa aiki.

Daga ƙarshe, ku ɗalibai da ma'aikata, galibinku daga irin waɗannan azuzuwa kuka fito. Ɗalibi yana iya koyar da ƙannensa lokacin hutu. Ma'aikaci kuwa ya san ofishin da takardar koke za ta bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya tambayi kansa: rabona da leƙa makarantar da ta koya mini baƙi, shekara nawa?