Tabon Rauni: Me Ke Kawo Shi, Yaya Ake Rage Shi?

Jama'ar Kokoro da sauran unguwannin PK5, ana yawan tambayarmu ko akwai maganin da ke hana rauni barin tabo, musamman iyayen yaran da suka ƙone da ruwan zafi, garwashi ko salansar babur. Ga bayani a taƙaice.

Idan rauni ya yi zurfi, jiki yakan yi gaggawar toshe wurin don tsayar da jini da tare ƙwayoyin cuta. Daga baya yakan cike wurin da wani zare mai suna kolajin. A lafiyayyar fata zaren yana saƙe kamar tabarma, amma a tabo jere yake gefe guda. Shi ya sa tabo ba ya fitar da gashi ko gumi, kuma ƙarfinsa ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na fatar asali.

Sai dai ba kowace fata ke warkewa haka ba. Ɗan tayi a watannin farko na ciki yakan warke ba tabo. A 2012 masana suka ba da rahoton wani ɓera mai ƙaya a Kenya da fatarsa ke sake tsirowa har da gashi. A 2021 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada wani maganin ido mai suna verteporfin a raunin ɓeraye, fatar ta dawo da gashinta. Wannan bincike ne tukuna. Duk wanda ya tallata muku man da ke goge tabo gaba ɗaya, kuɗinku yake so.

Abin da ke hannunmu shi ne rage tabon. Raunin da ya daɗe bai warke ba, ko ya yi mugunya, shi ke barin tabo mai muni. Saboda haka:

1. A wanke hannu da sabulu, sannan a wanke raunin da ruwa mai tsabta.
2. A rufe shi da bandeji mai tsabta. Tun 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya nuna cewa raunin da aka rufe ya riƙe danshi ya fi saurin warkewa a kan wanda aka bari ya bushe.
3. Idan ƙuna ce, a yi ta zuba ruwa mai sanyi na minti 20. Kada a fasa bororon.
4. Kada a sa toka, ƙasa, kashin shanu, man goge baki ko baƙin mai. Ƙasa da kashin dabbobi na ɗauke da cutar tetanus mai sarƙe haƙora, kuma tana kisa.
5. Kada a ɓantare ɓawon ciwo, kada a shafa man bilicin a kan tabo.

Akwai tabon da ke tasowa kamar ƙulli ya zarce iyakar raunin, ana ce masa kiloyid. Ya fi samun masu baƙar fata, galibi a kunne, ƙirji da kafaɗa. Kada a yanke shi a gida ko wurin wanzami, domin yakan dawo ya fi da girma. Mai irin wannan fata ya guji tsaga da ƙarin huda kunne.

A je asibiti a ranar idan raunin ya buɗe baki yana buƙatar ɗinki, jini ya ƙi tsayawa, cizon kare ne, ko ƙunar ta taɓa fuska, hannu ko gaɓa. Haka ma idan aka ga kumburi, wari ko zazzaɓi. A tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus.

Sabon tabo yakan ɗauki shekara ɗaya ko fiye kafin ya lafa. A yi haƙuri da shi. Allah ya ƙara mana lafiya.