Furfura, Lalle da Baƙin Rini: Hukuncin Sauya Gashi ga Wanda Ya Manyanta

 

Ƴan uwa masu sauraro, maza da mata, duk shekara idan Salla ta matso, tambayoyin da ake aiko mana sukan karkata ga ado. Daga Maraɗi da Damagaram, daga Tawa da Yamai, tambaya ɗaya ta yi ta maimaituwa a bana: shin ya halatta ga wanda furfura ta kama ya rina gashinsa? Da wane launi? Mace da ta manyanta tana iya rage gashinta, ko ta ƙara shi da na kanti? Wasu na ganin wannan ƙaramar magana ce da ba ta cancanci zaman Ramadan ba. Mu ba mu ga haka ba, domin a cikinta akwai ingancin alwala, akwai amanar aure, akwai kuma lafiyar jiki.

Furfura ba cuta ba ce. A gindin kowane silin gashi akwai ƙwayoyin da ke ba shi baƙinsa; idan shekaru suka ja, sai aikinsu ya ragu, gashin ya fito fari. Wani takan zo masa yana ɗan talatin, wani sai ya haura hamsin, kuma gado ne ya fi yanke wannan hukunci. Alƙur'ani ya ambace ta a Suratur Rum, aya ta 54, tare da raunin da ke biyo bayan ƙarfi, kuma a farkon Suratu Maryam Annabi Zakariyya ya gabatar da ita gaban Ubangijinsa yayin da yake roƙon ɗa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, daga Sa'idu ɗan Musayyibu, cewa Annabi Ibrahim ne farkon wanda ya ga furfura, da ya tambaya aka sanar da shi cewa kwarjini ce da natsuwa, sai ya roƙi a ƙara masa. Saboda wannan daraja aka hana tsige ta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hanin, tare da bayanin cewa haske ce ga Musulmi. To, mai zama gaban madubi da ɗan hantsaki yana farautar farin gashi ɗaya bayan ɗaya, ya sani haskensa yake tumɓukewa, kuma wanda zai tsiro a gurbin fari ne.

Rini kuwa hukuncinsa daban. A shekara ta 8 bayan Hijira, cikin wata irin wannan da muke ciki, aka buɗe Makka. A ranar aka kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, tsoho tukuf, kansa da gemunsa sun yi fari fat kamar audugar rimi. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a sauya wannan farin da wani abu, amma a nisanci baƙi. Bukhari da Muslim kuma sun kawo daga Abu Huraira umarnin a saɓa wa Yahudu da Nasara, domin su ba sa rini. Abin da aka fi yabawa a yi rinin da shi, kamar yadda ya zo daga Abu Zarri, shi ne lalle da katam. Lalle mun san shi, yana bayan gidajenmu. Katam wani tsiro ne na ƙasar Yaman mai ba da baƙi da ke karkata zuwa ja. Idan aka gauraya su, sai launin ya tsaya tsakanin ja da baƙi. Anas ya ba da labari cewa Abubakar da lalle da katam yake rini, Umar kuwa da lalle zalla. Saboda haka dattijon da kuka gani a sahun gaba da jan gemu ba wani sabon abu ya ƙago ba, kuma bai dace yara su mai da shi abin dariya ba.

Shin wanda ya bar furfurarsa fara ya yi laifi? Bai yi ba. An ruwaito cewa wasu manyan sahabbai ba su yi rini ba, kuma Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa barin rini gaba ɗaya akwai yalwa a cikinsa. Shi kansa Manzon Allah ya bar duniya babu farin gashi ashirin a kansa da gemunsa, shi ya sa sahabbai suka saɓa kan ko ya yi rini ko bai yi ba. Malamai sun duba hali: wanda kansa ya yi fari ƙal har ya munana, kamar Abu Ƙuhafa, rini ya fi masa, wanda furfura ta yi masa ɗai-ɗai ta ƙara masa kyau, babu abin da ke tilasta shi.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne baƙin rini, kuma shi ne aka fi saye a kasuwanninmu. A nan malamai sun saɓa, kuma amana ce mu faɗa muku saɓanin yadda yake. Malik ya ce bai ji wani abu tabbatacce game da shi ba, sai dai wani launin ya fi soyuwa gare shi. Ibnu Abi Zaidin, a Risala da muke karantawa a zaurukanmu, ya sanya shi makaruhi ba tare da haramtawa ba. Imamu Nawawi, daga Shafi'iyya, ya rinjayar da haramci, yana kafa hujja da hadisin Abu Ƙuhafa da kuma wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka kawo daga Ibnu Abbas, mai tsoratar da wasu mutanen ƙarshen zamani masu rini da baƙi cewa ba za su ji ƙamshin Aljanna ba. An kuma ruwaito cewa wasu magabata sun yi rini da baƙi. Ibnu Hajar ya kawo daga Zuhuri cewa sun kasance suna yin sa lokacin da fuska take da sauran ƙuruciya, da fuska ta yamutse haƙora suka girgiza sai suka bari. Wannan magana ta Zuhuri akwai hankali a cikinta. Gashi baƙi wuluk a kan fuskar ɗan saba'in ba ya ruɗin kowa sai mai shi. Abin da muke zaɓa muku shi ne barin baƙi tsantsa, domin wanda ya bar shi ya kuɓuta a wurin kowane malami, wanda ya yi shi kuwa ya kuɓuta a wurin wasu kawai.

Akwai wurin da babu saɓani ko kaɗan: rini domin yaudara. Mutum ya ba sittin baya, ya shafe kai da gemu da baƙi, ya je neman auren yarinya a garin da ba a san shi ba, ya rage shekara goma sha biyar daga shekarunsa. Gashi yakan tsiro kamar santimita ɗaya a wata, don haka kafin amarya ta gama zaman ɗaki farin ya leƙo daga gindi. Me zai ce mata ranar? Auren da aka ɗaura kan ƙarya, da wace fuska za a nemi albarka a cikinsa? Hadisin Muslim ya fitar da mai algus daga cikinmu, kuma algus ba a mudun hatsi kaɗai yake ba. Haka hukuncin yake ga bazawarar da ta ɓoye shekarunta da rini don ta ruɗi manemi. Amma matar da ta yi lalle a kanta don ta yi wa mijinta ado, shi ya san shekarunta, ita ta san nasa, wannan lada take nema. Sai dai mu faɗa wa maza: da yawa cikin iyayenmu mata da ke ɗora wa kansu magunguna masu ƙuna, tsoron kishiya ne ya kai su, da baƙar maganar miji a kan furfurar da a gidansa ta fito.

Mun ambaci ƙuna, to bari mu tsaya a kanta. Yawancin baƙin rini na kwali, da abin da ake kira baƙin lalle, suna ɗauke da wani sinadari da likitoci ke taƙaita sunansa da PPD. Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi cikin minti kaɗan. Wannan sinadari yakan sa wasu ƙaiƙayi, fatar kai ta yi ƙuraje tana ruwa, fuska da fatar ido su kumbura, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa, karo na biyu yakan fi muni. Idan aka haɗiye shi guba ne mai toshe maƙogwaro da lalata ƙoda. Asibitocin Sudan sun daɗe suna fama da wannan. A ajiye shi nesa da yara. Wanda ya nace sai ya yi, ya ɗiga kaɗan a bayan kunne ya jira kwana biyu kafin ya shafa a kai.

Game da aski, namiji yana da zaɓi: ya aske duka, ko ya tara ya kula da shi. Annabi da kansa ya sauya yadda yake gyara gashinsa, da farko yana sakin sa a goshi, daga baya ya riƙa raba shi biyu, kamar yadda Ibnu Abbas ya faɗa. Abin da aka hana, a hadisin Ibnu Umar, shi ne aske wani sashe a bar wani, irin zanko da tukku da ake yi wa yara a da, da irin askin da samari ke kwaikwayo daga ƴan ƙwallo. Idan bai dace da yaro ba, ina ga mai jikoki.

Mata kuwa, ga wata ruwaya da ba a cika ambata ba. Muslim ya kawo cewa matan Annabi sun kasance suna rage gashinsu har ya tsaya wajen kunne, kuma Alƙali Iyal ya ɗauki cewa bayan rasuwarsa suka yi haka, don sun bar ado sun sauƙaƙa wa kansu. Nawawi ya ce wannan dalili ne na halaccin mace ta rage gashi. To, dattijuwar da zaman kitso ke wahalar da ita, ko ciwon kai, ta rage ba laifi, muddin ba ta yi kama da namiji ba, kuma mai miji ta shawarce shi. Ƙari shi ne matsala. Wata mata ta zo wa Annabi tana neman izni ta ƙara wa ɗiyarta gashi, amarya ce da ƙyanda ta zubar mata da shi, bai ba ta izni ba, ya ambaci la'ana ga mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Uzurin amarya mara lafiya bai wuce ba, balle na bikin Salla. Malik ya tafi a kan hana ƙari da kowane abu. Laisu ɗan Sa'adu ya taƙaita hanin ga gashi, ya sauƙaƙa a kan ulu da ƙyalle. Zare mai launi da kowa ya gani ya san ba gashi ba ne, wannan ado ne, ba ya cikin hanin. Gashin roba da aka ƙera don ya yi kama da na mutum kuwa, barinsa shi ne tsira. Makitsa ma su ji: kitso mai tsauri da nauyin ƙari su ne ke cinye gashin goshi, sai mace ta sake sayen wani ƙarin don ta rufe abin da na farko ya ɓata.

Saura ibada. A mazhabarmu shafar kai duka farilla ce a alwala. Launin lalle ba ya hana ruwa, amma kwaɓin da ke kan gashi yana hanawa, kuma Malik ya ce shafa a kansa ba ta isarwa sai an cire shi. Don haka a zaɓi lokaci, kamar bayan an dawo daga asham, a wanke kafin asuba. Kitson da aka yi da zaruruwa masu yawa a warware shi, haka wanda ya yi tsaurin da ruwan wanka ba ya kaiwa ga fata. Lalle a kai ba ya karya azumi. Sai dai malamanmu na baya sun yi magana kan wanda ya shafa da rana har ya ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro, wasu suka ce ya rama, shi ya sa dare ya fi. Matar da ke takaba kuwa, ba lalle ba rini har wata huɗu da kwana goma su cika, ko ta haihu idan tana da ciki, ko da Salla ta faɗo a tsakiya. Tana iya wanke kanta da magarya ko sabulu mara ƙamshi, ta taje, ta yi kitso na tsabta. Allah ne Mafi sani.