Baturen Da Ciwo Ya Kora Gida, Yumɓu Ya Dawo Da Shi

A shekarar 1948 wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya bar ƙauyen Vume da ke bakin kogin Volta a Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya koma Ingila jiki duk ya lalace. Shekara uku ya yi yana fama da yumɓu mai gardama da tukwanen da ke fashewa a wuta, ga ciwo, ga aljihu ya bushe. Mutumin da ya doshi hamsin a wannan hali, ai sai a ce ya yi sallama da Afirka ke nan.

Ashe da sauran rabo. Da ya murmure, a 1950 gwamnatin Nijeriya ta ɗauke shi jami'in aikin tukwane. Ya zaga ƙasar Arewa yana duba yumɓu, har ya iso Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga randunan da matan Gwari suka gina da hannu, ba na'ura, masu zanen ƙadangare da kifi. Nan ya ga abin da ya daɗe yana nema, kuma nan ya kafa makarantar koyon ginin tukwane.

A 1954 Ladi Kwali, wadda aikinta na cikin abin da ya gani a fada, ta shiga makarantar, mace ta farko. Hotonta ne aka buga a bayan takardar naira 20. Shi kuwa Cardew bai ajiye aikin ba sai 1965.