Lamba 64, Macizai Biyu da Wani Malamin Katsina

Sinawa suna da wani tsohon littafi, I Ching, wanda ya kusa shekara 3,000 a duniya. Tushensa layi iri biyu ne kacal: miƙaƙƙe, wato yang, da yankakke a tsakiya, wato yin. In aka jera su shida-shida bisa juna, siffa 64 ake samu, ba daɗi ba ragi.

To, DNA ɗin da ke cikin ƙwayoyin jikinka haruffa huɗu gare shi, A, C, G da T, jiki kuma yana karanta su uku-uku. Huɗu sau huɗu sau huɗu, kalma 64 ke nan! Daga ciki 61 suna nuna wane amino asid za a ɗora wajen ginin furotin, ukun da suka rage kuwa umarnin tsayawa ne. A 1973 wani likita Bajamushe, Martin Schönberger, ya fitar da littafi sukutum kan wannan dacewar, har yau kuma akwai masu cewa mutanen Sin na dā sun san sirrin gado. Ni ban yarda ba. Lissafi ne ya haɗa su: biyu sau biyu har sau shida dole ya ba da abin da huɗu sau huɗu sau huɗu ya bayar. Ban da haka, rabon bai tafi daidai ba. Amino asid 20 ne kawai, leucine na da kalma shida, tryptophan na da ɗaya tak, babu kuma inda I Ching ya nuna wannan.

Wanda ya ga gaskiya a littafin shi ne Leibniz, masanin lissafi na Jamus. Wani fada Bafaranshe da ke Beijing, Joachim Bouvet, ya aika masa zanen siffofin bisa jerin da wani malamin Sin, Shao Yong, ya tsara a ƙarni na 11. Leibniz ya duba, sai ga lissafinsa na 0 da 1 a jere, daga sifili har 63. Ya wallafa bayanin a 1703. Wayar da ke hannunka da wannan lissafin take aiki.

Ga wata dacewar kuma: a kaburburan Astana, kusa da Turfan a yankin Xinjiang, an tono zane-zane a kan siliki na Fuxi da Nuwa, namiji da mace na almarar Sin. Daga kai zuwa ƙugu mutane ne, daga nan ƙasa wutsiyar maciji, wutsiyoyin sun murɗe da juna. Shi yana riƙe da ma'aunin kusurwa irin na kafinta, ita kuma da na'urar zana da'ira, don Sinawa sun ɗauki sama a matsayin da'ira, ƙasa kuma mai kusurwa huɗu. Kowa ya gani zai tuna surar DNA da Watson da Crick suka bayyana a 1953. Kama da wane dai ba wane ba ne.

Irin wannan kamar ba a Sin kaɗai take ba: ƙwayoyin cuta da yawa, har da ta shan inna, ɓawonsu fuska 20 gare shi, kowace mai kusurwa uku. Plato ya danganta wannan sura da ruwa. Amma dalilin surar ɓawon na tattali ne: ƙwayar ba ta da isasshen bayanin gado, sai ta riƙa maimaita 'yan furotin kaɗan har gidan ya rufe.

Na ƙarshe ya fi taɓa ni. Almarar Sin ta ce wani kunkuru ya fito daga kogin Luo da hatimi a bayansa, gida tara, lamba 1 zuwa 9, ta ko'ina ka tara 15 za ka samu. Malamanmu sun san wannan hatimi sarai. A 1732 Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimai masu gida mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ya kamata malaman lissafi a makarantunmu su riƙa faɗa wa yara sunansa.