Kasuwar Kafancan A Lokacin Hunturu: Abinci Ya Samu, Amma Ina Luru?

Idan iskar hunturu ta gangaro daga duwatsun Kagoro a watan Disamba, abu biyu ne ke fitar da magidanci zuwa kasuwar Kafancan da sassafe, watau abin da iyali za su ci da kuma abin da za su rufa da shi.

Ta fuskar abinci dai ba a cewa komai. Tun daga 1927 da garin ya zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa, amfanin gonar kudancin Jihar Kaduna ya saba taruwa a nan, kuma ko da yake jirgin ya ja baya, motoci sun karɓe shi. Mata kan baza doya da gwaza da dankali a ƙasa kashi-kashi, ga acca da dauro a mudu, ga manja da zuma a kwalabe. Ba a rubuta kuɗin kaya a jikinsu. Mai saye ya taya, mai kaya ta yi albarka, a ja a ja har a daidaita, sannan a nemi gyara.

Citta kuwa, wadda ita ce tutar wannan yanki, ta ga tasku. A daminar 2023 wata cuta ta ruɓar da ita a gonakin Kaciya da Jaba da Kagarko, manoma da yawa suka rasa har irin shukawa, tsadarta ta kai ga masu shayi da masu kunun zaki a birane.

Sai dai wajen mayafi ne mai lura zai tsaya ya yi tunani. A da, mai neman abin rufa gwado yake tambaya ko luru, wanda fatake ke saukowa da shi daga ƙasar Kano da Zazzau. Luru aikin hannu ne tun daga tushe. Mata su gurje auduga, su shiɓe ta da baka, su kaɗa abawa. Masaƙi ya saƙa falle-falle, fari da ratsin shuni, sa'an nan a harhaɗa da allura. Yana da nauyi, yana da kaushi sa'ad da yake sabo, amma wanki ne ke ƙara masa laushi, kuma akan gaje shi.

Yanzu abin da ya cika rumfuna shi ne bargon kamfani mai furanni, yawancinsa daga ƙasar Sin, sai kuma na gwanjo. Ba za a ga laifin mai saye ba, domin bargon ya fi araha, ga taushi, ga saurin bushewa. Amma kuɗin da aka biya ba ya komawa ga manomin auduga ko masaƙin ƙasar nan. Masaƙun zamani na Kaduna ma ba su tsira ba: kamfanin Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ya rufe a 2002, wasu suka bi sahunsa.

Abin mamaki shi ne, a can ƙasar Sin ɗin ba a yar da aikin hannu gaba ɗaya ba. A kasuwannin ƙauyukansu, musamman gab da sabuwar shekararsu, ana sayar da mayafi mai cike da auduga kusa da masu nama da kayan lambu, kuma bakan da masu sana'ar suka gada don shiɓar audugar ɗan'uwan bakan shiɓa ne na matan Hausa, sai dai ya fi shi girma.

A Kafancan kuwa, mai son luru sai ya yi cigiya, ko ya ba direban da ke zuwa Kano sautu daga Kasuwar Kurmi.