Daga Gobir zuwa Bahar Maliya: yadda magabata ke haɗa tafiyar tudu da ta jirgin ruwa

Mutumin da aka haifa a ƙasar Gobir, wanda iyakar ruwan da ya taɓa ƙetarewa shi ne Gulbin Rima sa'ad da ya cika ya batse da damina, in aka ce masa akwai safarar da wani sashinta tudu ne wani sashin teku, lalle zai zaci tekun ne abin fargaba. Amma alhazan farko na Sabon Birni da Isa, waɗanda suka sauke farali tun jirgin sama bai zama ruwan dare ba, sun san cewa mashakkar al'amarin tana can ne a mahaɗar tafiyar biyu. Tafiyar tudu a hannun mai ita take, ya tashi ran da ya so, ya ya da zango inda ya ga dama, in jakinsa ya gaji ya ba shi kwana biyu ya huta. Jirgin ruwa kuwa yana da ranarsa da sa'arsa, ba ya sauraron sarki balle talaka, wanda duk ya iso gaɓa bayan an ɗaga anga sai ya zauna jiran baɗi.

Turawa masu yawon buɗe ido suna fama da irin wannan lissafi har gobe. A ƙasar Norwe akwai jiragen da tun 1893 suke bin gaɓar arewa suna kai wasiƙu da kaya da fasinja, yanzu kuma suna tashi daga Bergen har Kirkenes suna tsayawa a tashoshi 34, mutane da yawa kuma sukan shiga su yi kwanaki a ruwa, sa'an nan su sauka su ci gaba da yawo a tudu bisa nasu tsari. Su nishaɗi suke nema, namu kuwa ibada ce ta fitar da su, amma tadbirin iri ɗaya ne: a fara sanin ranar jirgi, sa'an nan a ƙirgo kwanakin tudu da baya da baya har zuwa ƙofar gida.

A nan ne maniyyacin Gobir yake gamuwa da abin da ni a ganina ya fi kome wuya, wato cewa ƙidaya biyu ce take mulkin tafiyarsa, kowace da nata hukunci. Aikin hajji da jiragen da ke ɗaukar alhazai suna bin watan sama, Zulhajji kuwa yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, har ya zagaye damina da kaka da hunturu da bazara cikin shekara 33. Hanya kuwa rana take bi da ruwan sama, gama daga Barno zuwa Wadai da Darfur akwai baƙar ƙasa mai laka wadda in damina ta sauka ba mota ba, ko raƙumi ba ya ratsa ta sai da azaba. A shekarar 1950, alal misali, Babbar Salla ta faɗo a watan Satumba. Manomin Isa da ya yi niyyar tsayuwar Arfa a wannan shekara ba shi da damar jiran amfanin gonarsa, wajibi ne ya bar gida tun bayan kakar da ta gabata, ya ƙetare lakar nan kafin ruwan farko, ya je ya yi watanni a Sudan yana jiran jirgi. Wanda bai yi wannan hisabi ba, shi ne ake jin labarinsa ya shekara a Abashe, can ƙasar Wadai.

Kafin a ɗaura kaya akwai hakkokin da malamai ba sa sassauci a kansu: a biya bashi, a mayar da ajiya, a bar wa iyali abin da zai ishe su, a rubuta wasiyya a gaban shaidu, a nemi gafarar maƙwabta da izinin mahaifa. Ba ƙaramin abu ba ne wannan na ƙarshe, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa, lokacin da malaminsa Jibrilu ɗan Umaru ya kama hanyar Makka daga Agadas, komowa gida ya yi saboda bai sami izinin mahaifinsa ba, Allah kuma bai ƙaddara masa zuwa ba har ya bar duniya a 1817. Guzuri shi ne abin da ba ya lalacewa: garin gero, ƙuliƙuli, kilishi, daddawa, busasshiyar kuka, da salkar ruwa. Mai hankali yakan ƙara da sana'ar hannu, ko aska ko allura ko allo da tawada, don kuɗi suna ƙarewa a hanya, sana'a kuwa ba ta ƙarewa.

Hanyar kanta sananniya ce. Daga Sabon Birni a biyo ta Isa da Shinkafi a faɗa Ƙauran Namoda, inda reluwe ya iso a 1929, a shiga jirgin ƙasa zuwa Zariya da Kano. Daga Kano a nufi Maiduguri inda ake gyara takardun tafiya, a wuce Dikwa da Kusuri a ƙetare kogi zuwa Fallomi, wadda tun 1973 ake kira Injamena. Sa'an nan Ati, Abashe, Adare, a shiga Sudan ta Jinaina, a bi Fashir da Nuhud har Al-Ubayyid, inda tun 1912 ake samun jirgin ƙasa mai kai mutum Hartum da Atbara har bakin teku. Mai wadata yakan gama wannan cikin watanni kaɗan. Talaka kuwa tafiya yake yana tsayawa yana aiki, kuma tun da aka gama madatsar Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, dubban mutanenmu suka sami wurin tara kuɗin jirgi da tsinkar auduga. Kusa da nan ne garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu, wanda Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na farko, ya kafa tare da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Baƙon da ya sauka can yakan ji Hausa da Fillanci ko'ina, ya ci tuwo, hankalinsa ya kwanta. Hatsarin wannan zango shi ne daɗinsa: mutum ya ce bari in ƙara kaka ɗaya, ya yi aure, ya haifu, shekara goma ta wuce bai ga teku ba.

Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya, ita ce mahaɗar. Ko bayan da Turawa suka gina sabuwar tashar Bur Sudan a farkon ƙarni na 20, alhazai ta Sawakin suka ci gaba da bi, inda ake killace su kwanaki, a yi musu lambar agana da allurar kwalara, a duba fasfo, a tabbatar sun biya kuɗin zuwa da komowa. Wanda ya iso da sauran kwanaki a gabansa yakan bi wannan duka cikin natsuwa. Wanda ya iso a ƙurarren lokaci, ko kuɗinsa suka gaza, shi ne masu ƙananan jiragen iska da ake kira sambuk suke ruɗa, su ɗauke shi da dare daga wani lungu na gaɓa, su sauke shi nesa da Jidda ba ruwa ba jagora. Da yawa sun halaka da ƙishirwa, wasu kuma an raba su da 'ya'yansu an sayar, gama ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962. Duk sa'ad da na tuna wannan sai zuciyata ta yi nauyi, don mutane ne da suka yi shekaru suna taka ƙasa saboda Allah, abin ya lalace musu a kwana ɗaya na ƙarshe.

A cikin jirgin hayaƙi ƙetarewar ba ta wuce yini da kwana, amma tana da nata fiƙihu, ɗalibin da ya karanci babin safara a zauren malaminsa kuma nan ne iliminsa ke amfani: salla ta ƙasaru, fuskantar alƙibla a juya in jirgi ya juya, halaccin alwala da ruwan teku duk da gishirinsa, da kuma mas'alar inda za a ɗaura harami tun da ba a bi ta kan miƙati a tudu ba, wadda malamai suka yi saɓani a kanta, masu tsantseni kuwa sukan ɗaura tun suna cikin ruwa. Daga Jidda zuwa Makka kwana biyu ne a raƙumi, a ya da zango a Bahra. Bayan an gama aiki sai wani zaɓi ya taso game da ziyarar Madina: ko a bi ayari ta tudu fiye da kwana goma, ko a koma Jidda a shiga jirgi a bi gaɓa arewa zuwa Yanbu'u, daga nan a yi tafiyar fiye da kilomita 200 ta tudu. Ta biyun ta fi sauƙi ga tsoho da mai rauni, sai dai tana sake ɗaure mutum da ranar wani jirgin, ga kuma na komawa Sawakin yana jira.

Wasu sarakuna sun bi wata hanya dabam. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921 ta Ikko ya fita, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya wuce Makka. A 1948 kuma wasu attajiran Kano, cikinsu har da Mahmudu Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai da motoci, wanda daga sunansa ne unguwar Wapa ta Fagge ta samo sunan da ake kiranta da shi har yau; daga nan lissafin ya fara fita daga hannun maniyyaci yana komawa hannun wakili, har gwamnati ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975.

Yau jirgin sama yana kai mutum Jidda daga Sakkwato cikin sa'o'i kaɗan, hanyar Darfur kuwa yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya toshe ta. Amma sashin tudu bai bar Bagobiri ba, sai dai ya gajarce ya kuma ƙara tsanani. A watan Disamba na 2021 'yan bindiga suka tare motar matafiya a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa suka cinna mata wuta da mutane a ciki, Allah ya jiƙansu da rahama. Saboda haka maniyyacin wannan yanki yakan bar gida kwanaki kafin ranar tashinsa, ya tambayi direbobi a tasha halin da hanya ta kwana, ya jira motoci su taru a tafi tare da rana tsaka, ya je ya sauka a sansanin alhazai na Sakkwato yana jiran a kira sunansa.